Alamar da Alhaji Ya Hana a Sa wa Surukinsa

Samarin da suke zuwa shagonmu a Gumel neman koyon aiki, duk bakinsu ɗaya. Sai su tsaya a bayana suna leƙen kwamfuta, su ga na ƙara wata 'yar kalma a cikin layi, su ce, "Baba Sale, wai aikin ke nan? Ai wannan ko a waya sai in yi shi." Akwai wanda ya ce min kafin shayinsa ya huce zai gama abin da nake wuni a kai. Na ce masa Allah ya ƙara basira. Ya yi kwana kaɗan da mu, ya ƙona mana allon wata na'ura, ya koma sayar da caja.

Ni ba na musu da yaro. Amma tunda yanzu hannuna ya faɗa da rubutu, bari in ba ku labarin 'yar kalmar da kuke rainawa, ku karanta a wayar taku.

Da gyaran rediyo na fara, a kasuwar Maigatari, ƙarƙashin wata rumfar zana kusa da masu sayar da igiya. Kayan aikina ƙarfen liƙi ne da ake ɗorawa a garwashi, da dalma, da sukundireba, da tsohon buroshin haƙori. Ko harafi ɗaya na boko ban sani ba. Kayan cikin rediyo da launinsu nake gane su, lalatacce kuma da wari. Da waya ta zo ta kashe rediyo, na koma gyaran waya. A nan rashin karatu ya fara cizona, domin waya rubutu take yi maka in tana ciwo. Sai na shiga ajin manya da gemuna, na zauna kusa da masu sayar da goro muna ja da baƙi. Har yau ina zuwa ajin, don Turancina bai wuce na kwamfuta ba.

Shagon da nake yanzu na Alhaji Ado ne. Alhaji dillalin shanu ne, kuma yana sayen riɗi. Da ya ga ana ta haƙa bohol mai sola a ƙauyuka, ga famfuna suna ƙonewa saboda ana barinsu suna zuƙar iska in ruwa ya ja baya, sai ya buɗe wurin haɗa wani ɗan akwati da ake liƙawa a jikin tanki. Akwatin ne yake kunna famfo, ya kashe shi, ya hana shi wahala. Alhaji bai san yadda akwatin yake aiki ba, bai kuma taɓa jin cewa wannan zai hana shi ba da umarni a kansa ba.

Wanda ya koya min aikin wani injiniya ne da Alhaji ya ɗauko daga Damagaram, ana ce masa Mushe Isufu, wato Malam Isufu a Faransancin mutanen Nijar. Dogo ne, mai faɗa, in ransa ya ɓaci sai ya yi zagi da Faransanci don kada a ce ya yi zagi. Ni an ɗauke ni ne don liƙe waya kawai. Da ya lura ba na gajiya da zama, sai ya fara jawo min kujera gaban kwamfuta.

Ga abin da ya fara koya min, kuma shi ne gindin aikin. A cikin akwatin nan akwai wani allo mai ɗauke da ƙaramar kwamfuta, ma'ajiyarta kuwa an raba ta biyu, ciki da waje. Ciki na kanel ne, wato babban tsarin da yake riƙe da komai, shi kaɗai yake taɓa famfo. Waje kuma na manhajoji ne, irin wadda ma'aikaci yake latsawa ya ce a kunna ko a kashe. Manhaja ba ta shiga ciki. In tana da saƙo mai yawa, ba ta miƙa shi hannu da hannu, adireshi take bayarwa, ta ce kayana suna wuri kaza, a ɗauka.

To a nan ake yin ɓarna. Adireshin waje da na ciki kamarsu ɗaya, lambobi ne kawai. In kanel ya miƙa hannu kai tsaye ya ɗebo, alhali adireshin na banza ne, ko babu komai a wurin, sai ya faɗi, in ya faɗi kuwa komai ya tsaya. Saboda haka akwai ɗan aike na musamman, sunansa copy_from_user. Shi yake zuwa ya duba wurin, ya kwaso kayan ya shigo da su, in bai samu ba ya dawo ya faɗa, ba tare da kowa ya mutu ba. Don kada mai rubutu ya manta wane adireshi ne na waje, sai a sa masa alama, 'yan layuka biyu a ƙasa da kalma ɗaya, haka: __user. Alamar ba ta aikin komai a cikin akwati. Amfaninta, akwai wata manhajar bincike da muke bi da rubutunmu ta cikinta, mu a shago Tsegumi muke ce mata. Duk inda ta ga an taɓa adireshi mai alama ba ta hannun ɗan aike ba, sai ta kai ƙara, ta faɗi layin. In babu alama, Tsegumi makauniya ce.

Aikina na farko da Mushe ya sakar min shi ne wannan. In bi rubutu layi layi, duk adireshin da ya shigo daga waje in sa masa alama, in kira Tsegumi, in gyara inda ta nuna. Na daɗe ina yi kafin in daina sa wa adireshin ciki alamar waje. Duk sanda na yi haka Mushe zai dafe kai ya ce, "Sale, ka mai da mai gida baƙo a ɗakinsa!"

Manhajar waje kuwa Nura ne yake rubuta ta. Nura yaro ne mai hankali, ya yi karatunsa a Kano, ya iya aikinsa. Matsalarsa ɗaya, shi ne mijin 'yar Alhaji ta fari. In Alhaji ya shigo shago, Nura zai zame daga kujera ya tsuguna, ya kafa ido a ƙasa. In yana cin gyaɗa sai ya dunƙule ta a hannu har Alhaji ya fita. Alhaji ma ba ya kiran sunansa, sai dai ya ce "Malam", yana kallon bango. A gabansa Nura ba shi da kalmar da ta wuce "Haka ne, Baba."

Wata ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, Alhaji ya shigo yana sakace, ya tsaya a bayana. Ya nuna kwamfuta da tsinke ya ce, "Wannan abu mai ƙafa a ƙasa da nake ta gani, mene ne?"

Kafin in haɗa amsa, Mushe ya riga ni. Ya ce, "Alama ce ta abin da ba mu yarda da shi ba. Duk abin da ya fito daga waje sai an bincike shi."

"Daga waje wajen wa?"

"Wajen manhajar Nura mana."

Alhaji ya cire tsinken daga baki. Ya ce, "Wato saƙon Malam ne kuke yi wa bincike?"

"Ko na uban wa ne, Alhaji. Ka'ida ce."

"A shagona? Mutumin da na ɗauki 'yata na ba shi, ban bincike shi ba, sai kai da ka tsallako boda jiya?"

Na ce, "Alhaji, ba mutum ake bincika ba, adireshi ne."

"Adireshin nasa ai na sani, Sale, ni na ba shi filin."

Mushe ya juya wajen Nura, wanda tuni ya kai ƙasa. Ya ce, "Kai, ka yi magana mana! Ba kai ma ka san amfaninta ba?"

Alhaji ya kalli bango ya ce, "Malam, ashe wulaƙancin da ake maka ke nan ba ka faɗa ba?"

Nura ya share gumi ya ce, "Haka ne, Baba."

Shi ke nan, shari'a ta ƙare. Alhaji ya ce a goge alamar, a kuma sallami ɗan aiken, saƙon surukinsa ya riƙa shiga kai tsaye. Ya ƙara da rantsuwa cewa duk wanda ya sake mayar da abu mai ƙafa a rubutun shagonsa, ranar zai bar aiki. Ga shi kuwa ya riƙe siffarta sarai. Na san irin wannan riƙon, domin ni ma da haka na fara gane kalmomi kafin in iya haɗa baƙi. Tun daga ranar, in ya shigo sai ya sa tabarau ya bi allon kwamfuta da ido yana nemanta.

Mushe ya goge da hannunsa, yana yi yana Faransanci. Da ya gama ya tattara kayansa, ya ce min, "Sale, ni ba zan tsaya in ga ranar ba. Kai mai haƙuri ne, ka tsaya ka ba ni labari." Ya hau mota sai Damagaram. Rubutun ciki ya dawo hannuna.

Abin haushi, babu abin da ya faru. Adireshin Nura kullum daidai suke, allunan da muke amfani da su a lokacin kuma ba su damu da wanda ya taɓa me ba. Akwatuna suka ci gaba da aiki a Gagarawa da ƙauyukan Maigatari. Muka yi ta ƙara sababbin abubuwa a rubutun, duk babu alama, har ni kaina na daina sanin wuri nawa ne ake ɗiban kayan waje da hannu. Alhaji kuwa ya samu labarin bayarwa a kara, kasuwar shanu. Duk dillalin da ya zauna kusa da shi sai ya ji yadda ya gyara wa injiniya aiki da tsinken sakace.

Nura yakan same ni in babu kowa, ya ce, "Baba Sale, wallahi abin nan yana hana ni barci."

In ce, "To ka gaya masa."

"Ni? Haba Baba Sale. Kai dai ka gaya masa."

"Ni ina da iyali, Nura. Kai ko an kore ka, gidansa za ka ci tuwo."

Sai shekarar da aka rufe boda. Allunanmu ta Nijar suke shigowa, suka yanke. Alhaji ya je Kano ya jido wasu sababbi, ya ce an gaya masa sun fi na da ƙarfi. Gaskiya ne, sun fi. Abin da mai sayar da su bai gaya masa ba, mu ma ba mu sani ba, shi ne sabon allon yana da mai gadi a jikinsa. In kanel ya miƙa hannu waje ba ta hanyar ɗan aike ba, take allon yake buge hannun, ko adireshin na waliyyi ne. Mun gwada kunnawa da kashewa a shago, lafiya lau, domin waɗannan lamba ɗaya ce ake turawa, babu adireshi. Alhaji yana tsaye a kanmu yana cewa mota tana jira. Aka kai akwati na farko wani bohol a wata ruga bayan Sule Tankarkar, inda shanun Ardo Buba suke sha.

Da rani ya tsananta ruwa ya ja baya, Nura ya je ya tura wa akwatin tsarin rani, wato jerin lokutan da famfo zai riƙa hutawa. Wannan saƙo ne mai yawa, da adireshi yake tafiya. Yana latsawa akwati ya mutu. Ya kashe ya kunna. Manhajarsa, da yake mai biyayya ce, tana tashi ta sake tura saƙon, akwati ya sake mutuwa. Famfo ya yi tsit, ga rana tana dukan farantan sola a banza.

Washegari da hantsi Alhaji ya ɗauke ni a motarsa, da kwamfutata a cinya. Mun tarar da tanki ya ƙafe. Shanu sun kewaye kwamin sha suna lasar siminti, mata sun jera jarkoki tun daga bakin famfo har gindin wata aduwa. Nura yana tsugune a gefe tun kafin mota ta tsaya. Ardo Buba kuwa yana jingine da sandarsa. Tsoho ne siriri, kuma da yake Alhaji Bamange ne, tsakaninsu akwai wasan Fulani da Mangawa, ga cinikin shanu na shekaru.

Ya ce, "A'a, bawana ya iso. Ado, da ka ce min akwatinka yana da hankali, ashe irin naku ne na Mangawa?"

Alhaji ya ce, "Ardo, bar wasa, yanzu za a gyara."

"Wa yake wasa? Jiya a rijiyar garin can muka sha, da guga, har dare bai ishe su ba. In rana ta karkata babu ruwa, zan sa yara su ɓalle wannan gwangwanin in rataya wa bijimina a wuya, in shiga da shi kara ranar Alhamis kowa ya gani."

Na zauna a gindin aduwa na haɗa waya da akwatin. Saƙon mutuwar da kanel ya bari ya nuna min abin da ya faru. Gyaran wuri ɗaya ba wuya, amma wuraren suna da yawa, sun bazu cikin rubutun, in na bar ko ɗaya famfo zai sake tsayawa bayan mun tafi. Mai nemo su duka Tsegumi ce, ita kuma ba ta gani sai da alama. Ga Alhaji ya sa tabarau ya tsaya a kaina.

Na yi bisimilla na rubuta ta.

"Sale."

"Na'am, Alhaji."

"Me nake gani?"

"Ita ce, Alhaji."

"Ka manta rantsuwata?"

"Ban manta ba. In ruwa ya zo sai in miƙa maka makullin shago."

Ardo ya matso yana leƙe. Ya ce, "Mene ne abin faɗa a nan? Wannan ɗan tsakin?"

Alhaji ya ce, "Alamar tuhuma ce suke sa wa saƙon surukina."

Na ci gaba da rubutu, ban ɗaga kai ba. Na ce, "Ardo, bari in tambaye ka. In surukinka ya zo rugarka da buhun gero, kana barinsa ya saɓa a kafaɗa ya ratsa cikin mata har rumbu?"

"Subhanallahi. Suruki? A bakin hanya ake tararsa, a shimfiɗa masa tabarma, yara su karɓi kayan."

"To ka ji aikin alamar. Ita take gaya wa na cikin gida cewa wannan kaya na babban baƙo ne, kada kowa ya wawura, a tura ɗan aike ya karɓo da hannu biyu. Tun da aka goge ta, saƙon Malam Nura wawurarsa ake yi kamar na kowa. Tsohon allo ba shi da tarbiyya, bai damu ba. Wannan sabon da Alhaji ya zaɓo da kansa, shi ne ya ga abin ya yi yawa ya ƙi aiki."

Ban yi ƙarya ba, ko Mushe yana wurin iyakarsa ya yi tsaki.

Ardo ya riƙe baki. Ya ce, "Ado! Ashe surukinka ka mayar ɗan dako? Kai, Mangawa dai sai addu'a. Mu ko bare ba ma yi wa haka."

Matan da ke kusa suka fara dariya a cikin mayafi. Alhaji ya cire tabarau, ya mayar, ya sake cirewa. Ya juya ya kalli tanki ya ce, "Malam, haka abin yake?"

Nura ya ce, "Haka ne, Baba." Tun da na san shi, ranar ce na fara jin ya faɗe ta da ƙarfi.

Na gama sa alamomi na kira Tsegumi. Ta zubo ƙara kamar an taɓo gidan rina, har da wuraren da na rantse ban taɓa gani ba. Na bi su ɗaya bayan ɗaya ina mayar da ɗan aike, ina kuma sa a duba abin da ya dawo da shi. Ba aikin gaggawa ba ne. Rana ta take, aka yi azahar da taimama, Ardo yana ta lissafa wa Alhaji sunayen shanun da za su fara faɗuwa. Da Tsegumi ta yi shiru na ɗora sabon rubutun a akwati, na ce wa Nura ya tura saƙonsa. Ya latsa. Famfo ya yi gurnani, bututu ya yi tari, sai muka ji ruwa yana dukan gindin tanki. Shanu suka yo kanmu, da ƙyar na tsira da kwamfutata.

A hanyar dawowa na jira har muka hau kwalta. Na zaro makullin shago na ajiye wa Alhaji a gaban mota. Ya dube shi ya ce, "Ɗauke tarkacenka. Ni na rantse ne a kan alamar tuhuma. Wannan ta girmamawa ce, ba ita ba ce."

Na ce, "Gaskiya ne, Alhaji."

"Shi wancan Mushen da bai iya magana ba, shi ya jawo duk wannan."

"Haka ne, Alhaji."

Sannan ya ce, "Amma na ga kowane saƙon waje guda ɗaya kake sa masa. Har da na 'yar manhajarka da kake gwaji da ita a shago."

"Ka'idar ke nan."

"Wato kai da Malam darajarku ɗaya? A sa masa guda biyu."

Na buɗe baki, na tuna yawan bakin da ke jiran tuwo a gidana, na rufe. Washegari na nemi babban layin da saƙon Nura yake shigowa ta kansa, na rubuta alamar sau biyu a jere. Ba ta hana komai aiki. Tsegumi ce kawai take gunaguni a kai cewa an maimaita, kullum, duk sanda aka kira ta.

Saboda haka, ku masu gama aiki kafin shayi ya huce, in Allah ya sa kun zauna a kujerata kuka ga wannan gunagunin guda ɗaya, na san hannunku zai yi ƙaiƙayi. Gogewa ba wuya, ko a waya sai ku yi. Amma Alhaji yana nan da ransa da tabaransa, kuma wanda ya goge shi zai yi masa bayani.